Katakon da Baffa Ya Kwantar

Salamu alaikum, masu karatu. Wannan ɓangaren na rayuwata na daɗe ina kewaye shi, saboda akwai abin da zuciyata ta yi a cikinsa wanda har yau ban faɗa wa kowa ba. Yau zan faɗa. In kun gama, ku yanke mini hukuncin da kuka ga ya dace.

Sunana Sa'a, 'yar Alhaji Sajo mai sayen gyaɗa a Kabo. Abin ya faru shekara biyu bayan samun mulkin kai, ina da shekara goma sha takwas. Na gama makarantar 'yan mata na dawo gida, ba abin da na fi ƙawayena da shi sai lissafi. Wanda ke nemana kuwa Musbahu ne, ɗan Gwarzo, malamin awon gini. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kullum cikin farar 'yar shara da hula ƙube, ƙafar wandonsa ɗaya a ɗaure da tsumma saboda sarƙar keke. Baba ya yarda da shi, har an tsayar da cewa ranar wata Juma'a cikin kaka manyansa za su zo daga Gwarzo a sa mana rana.

Tun bazara Baba ya soma gina sito mai bene a bakin kasuwa. Yana so a jibge buhunan gyaɗa a sama, mata kuma su zauna ƙasa cikin inuwa suna tsince ta suna sheƙewa kafin a ɗura. Da aka zo maganar katakan da za su ɗauki benen, sai ya ce, "Ga mu da malamin awo a gida, me za mu je nema?" Musbahu ya karɓi aikin jikinsa har rawa yake, don ya san gwaji ne.

Rubutun Musbahu kamar kaza ta yi tono. Saboda haka in ya zo zance bayan la'asar, sai in ci kwalliya, in ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, in zizara kwalli, in shafa ɗan turare a bayan kunne, in fito soro, in ƙare da kwafe masa lissafi da alƙalami. Ku yi dariya in kuna so. Ƙawayena ana kawo musu tsaraba ana yi musu daɗin baki, ni ana koya mini nauyin buhu. Kuma wallahi ban taɓa jin daɗin zance kamar wancan ba.

Wata rana ya jera kujeru biyu 'yan tsugunno, ya ɗora rularsa ta katako a tsakani, a kwance.

"Danna tsakiyarta."

Na danna da yatsa ɗaya, ta lanƙwashe kamar za ta karye.

Ya juya ta a kan gefenta, ya riƙe bakinta. "Sake dannawa."

Na danna har farcena ya yi fari. Ko gezau.

"Rular dai ɗaya ce, Sa'a. Me ya canja?"

"Tsayuwarta, Malam."

Ya yi murmushin nan nasa da ba ya buɗe haƙora. Ya ce in aka ɗora wa katako kaya, samansa matsewa yake yi, ƙasansa yana miƙewa kamar igiyar guga, tsakiyarsa kuma tana hutawa. Iyakar nisan da ke tsakanin saman da ƙasan, iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa in ana lissafin ƙarfin katako, faɗi sau ɗaya ake sa shi, tsayi kuwa sau biyu, sannan a raba shida.

Katakan da ya zaɓa na maɗaci ne, inci uku da inci tara, tsawon ƙafa goma sha biyu daga bango zuwa bango. Ni na buga da hannuna. A tsaye, uku sau tara sau tara, a raba shida, arba'in da rabi. Don wasa na juya, na buga a kwance: tara sau uku sau uku, a raba shida, goma sha uku da rabi.

"Kashi ɗaya cikin uku kenan," na ce.

"Shi kenan kin gama makarantar tawa," ya ce. "A tsaye kowane katako zai ɗauki buhu goma sha shida, jeri huɗu kenan. A kwance, biyar ma da addu'a."

A ƙasan takardar ya sa na rubuta da manyan baƙaƙe: A KAFA SU A TSAYE. KADA A WUCE JERI HUƊU. Ya sa hannu, ya kai wa Baba.

Wanda ya kafa katakan Baffa Hammadu ne, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta tun kafin a haife ni. Mutum ne mai wasa da yara, shi ya sassaƙa mini allona na farko. Ni ban ga aikin ba, don tun da maganar aure ta kankama Inna ta hana ni zuwa wajen kasuwa.

Sai kaka ta zo, gyaɗa ta yi albarkar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Daga Kutama da Mainika jakuna suke shigowa tun da hantsi, motocin Kano kuwa ba sa isa kwashewa. Tsakar gidanmu ma ta cika. Inna ta sauke tasoshi da fantekoki da langogi daga jere tana wankewa da toka saboda baƙin Juma'a, ana daka, ana suyar alkaki da nakiya, ni kuma an ƙunsa mini lalle har idon sawu.

Ranar Talata Goggo Marka, yayar Baba wadda ke shugabantar mata masu tsintar gyaɗa, ta manta man zafin da take shafa wa gwiwarta. Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ja mayafi ki kai mata, kada ki tsaya ko'ina." Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari.

Na shiga siton da sallama. Mata goma sha huɗu na ƙirga daga baya, wasu da goyo, kowa da faifai a cinya, ana ta hira. Na durƙusa na gaida Goggo.

"Ina wuni, Goggo? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, amarya. Ina uwar taki? Ina hidima?"

Ina cikin amsawa na ji wani sauti a sama, ƙiiiƙ, a hankali, kamar an taka tsohuwar ƙofa. Na ɗaga kai.

Masu karatu, faɗin katakan nake gani. Faffaɗan ɓangaren, inci tara ɗin, shi ke kallon ƙasa. Duk a kwance suke, daga na farko har na ƙarshe. Na tsakiyar kuma sun yi ciki, sun sauko kamar igiyar shanya da aka cika wa jiƙaƙƙun kaya.

"Goggo, tun yaushe yake wannan kukan?"

"Wane? Au, wannan? Sabon katako ne, yana gaisawa da bango. Mun saba."

Ta kaɗe wani farin gari daga ɗankwalinta ba tare da ta duba ba. Daga inda katako ya hau bango yake zubowa.

Ana hawa benen ta wata matakala a waje. Da na fito na tari wani ɗan dako yana saukowa, na tambaye shi jeri nawa aka yi a sama.

"Shida," ya ce yana share gumi. "Alhaji ya ce in mota ba ta zo ba mu ɗora na bakwai."

Ban san yadda na kai gida ba. Na shige ɗaki na jawo tsohon littafina na makaranta. Jeri shida, buhu ashirin da huɗu kenan a kan kowane katako, kowane buhu nauyinsa laba ɗari da saba'in. Na buga nauyin da tsawon katakon a inci, na raba takwas kamar yadda ya koya mini, na sake rabawa da goma sha uku da rabi. Musbahu ya taɓa ce mini kada a bar kowane inci na maɗaci ya sha wahalar da ta wuce laba dubu da ɗari uku. Abin da ya fito mini dubu biyar ne da ɗari huɗu da arba'in. Na sake bugawa sau uku ina roƙon Allah ya sa kuskure na yi. Ban yi ba.

Na sami Inna a madafa tana juya nakiya. Ta saurare ni har na gama, ba ta ajiye muciya ba.

"Rufa mini asiri," ta ce. "Ran Juma'a mutanen Gwarzo za su zo. So kike a ce tun ba a ɗaura ba kin fara gyara wa iyayenki maza aiki? Ƙofar ɗakin da aka haife ki, Baffanki ne ya yi ta, har yau ta faɗo miki?"

"Inna, ƙofa ba ta ɗaukar buhu."

"To uwar sani. Shi mai ilimin ai ya ga aikin, bai ce komai ba, sai ke?"

Wannan maganar ban ba ta muhimmanci ba a lokacin. Na ɗauka Inna na neman rufe mini baki ne. Na yago takarda na rubuta: *Malam, bayan gaisuwa. Katakan siton Baba a kwance suke, an yi jeri shida, akwai mata a ƙasa. Don Allah ka zo.* Na ba maƙwabciyarmu Uwaliya, mijinta direba ne a hanyar Gwarzo.

Amsa ta zo ranar Laraba da azahar, a naɗe ƙanƙanuwa. Babu gaisuwar da ya saba cika rabin takarda da ita.

*Sa'adatu, na ga saƙonki. Kada ki faɗa wa kowa. Ina zuwa gobe.*

Na karanta na sake karantawa. Bai tambaya ko na tabbata ba. Bai ce subhanallahi ba. Mutumin da aka gaya wa sabon labari ba haka yake rubutu ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka ce ana sallama da ni. Ban yi kwalliya ba, zanin da ke jikina na fito da shi. Yana tsaye a soro, bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba, idanunsa sun faɗa. Muka gaisa sama-sama.

"Malam, ka je ka gani?"

Ya kau da kai.

"Malam."

"Na gani tun ranar da aka kafa su, Sa'a."

Na jingina da bango.

"Na zo na tarar Baffa ya buga fiye da rabi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yana ta murna, yana nuna mini yadda ya kwantar da su don su zauna daram a bango, ƙusa kuma ta sami wurin shiga. Baba na tsaye yana yaba masa, ga leburori cike. Ni da na zo neman aure a gidansu, in buɗe baki in ce wa ƙanin surukina bai iya aikinsa ba? Na ce a raina zan sami Baba shi kaɗai. Da na same shi sai na kasa, na ce masa dai kada a wuce jeri ɗaya har katako ya bushe. Ya yi dariya ya ce wa zai gina bene don jeri ɗaya. Daga nan na ce bari a sa rana tukuna."

"Wata biyu kenan."

"Na sani."

"Wata biyu kana zuwa soron nan kana shan furar Inna."

"Saura kwana ɗaya, Sa'a. Gobe a sa rana, jibi da sassafe in same shi in faɗa masa komai, in ya ga dama ya mare ni. Amma in na faɗa yau, kin san Baba. Zan rasa ki."

Kada ku ɗauka ban ji wannan a ƙirjina ba. Na ji. Ina son mutumin nan kamar raina, kuma saboda ni ya yi shirun. Akwai wani lungu a zuciyata da ya ce, kwana ɗaya ne fa, katakon da ya yi wata biyu ba zai gaza kwana ɗaya ba. Na tsaya ina sauraron wannan lungun har na kusa yarda.

"Yau za a ɗora jeri na bakwai," na ce. "Akwai masu goyo a ƙasa, Malam."

Na wuce shi na fita, ko mayafi ban ɗauka ba, ɗankwalina na jawo na rufe kafaɗa. Ina jin ƙarar kekensa a bayana yana turawa, bai hau ba, bai kuma kira ni ba.

A bakin sito 'yan dako sun yi layi a matakala, kowa da buhu a wuya. Na shiga. Cikin da katakan suka yi ya ƙaru, a ƙasan na tsakiyar kuma na ga wani siririn layi fari, ya tsaga jan itacen a gicciye.

"Goggo, ku fita."

Matan suka yi mini caa. Wata ta ce amarya ta fara mulki tun yau. Goggo Marka ba ta yi dariya ba. Ta dubi fuskata, ta dubi inda nake kallo, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ku tashi mu sha iska," ta ce. "Maza. Bar faifan, Hajaratu, ɗauki 'yarki."

Da suka fice, sai na je daidai ƙarƙashin katakon nan na durƙusa. Har yau ban san wa ya ba ni wannan dabarar ba. Na san dai in na tsaya a waje ina magana, ba wanda zai ji ni.

Ba a jima ba Baba ya iso, babbar rigarsa a saɓe, Baffa Hammadu a bayansa. Ya tsaya a ƙofa.

"Me nake gani haka? Tashi."

Tun da nake ban taɓa musa wa Baba ba. Kaina a ƙasa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Benen nan zai faɗo. In kana ganin ba zai faɗo ba, a ci gaba da lodi ina nan."

Kasuwa ta fara taruwa. Baffa ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba 'yata, aikina ne fa." Amma na ga ya ɗaga ido sama, dariyar ta tsaya.

Baba ya waiwaya, ya hango Musbahu riƙe da keke a bayan mutane.

"Malam Musbahu, matso. Kai ka yi awon nan. Faɗa mini a gaban jama'a, zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba?"

Musbahu ya jingine keken, ya zo ya tsuguna.

"Ba zai ɗauka ba, Baba. A tsaye aka ce a kafa su, aka kwantar. Abin da ke kansu ya ninka ƙarfinsu sau huɗu." Ya sunkuyar da kai. "Kuma na sani tun ranar da aka kafa. Na yi shiru."

Wurin ya yi tsit. Sama ta sake yin ƙiiiƙ, wannan karon kowa ya ji.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya ce wa 'yan dako su sauko da abin da ke wuyansu. Ya ce wa Goggo ta fito da ni, ta shigo ta finciko hannuna har sai da awarwarona ya karye. Sannan ya dubi Musbahu.

"Ka aika wa mutanenku kada su wahalar da kansu gobe. Yayata tana zaune a nan wata biyu, ka sani, kana gaishe ni." Ya nuna matakala. "Ba zan tura ɗan kowa sama ba. Kai da ka san lissafinsa, kai za ka hau ka sauke."

"To, Baba."

Ya tuɓe 'yar shararsa ya ninke, ya ɗora hula a kai, ya ajiye a gindin bango. Ya ce wa 'yan dako su tsaya a bakin ƙofar bene, shi zai riƙa jawo musu, kuma buhunan tsakiya zai fara cirewa don su suka fi wahalar da katako. Ya juyo ya ce da ƙarfi, "Don Allah kada kowa ya shiga ƙasa. Ko me kuka ji." Bai dube ni ba. Ya hau.

Buhu na farko ya fito. Na biyu. Goggo na riƙe da ni tana ta salati. Ni ƙirgawa nake yi, kowane buhu ina cire laba ɗari da saba'in a kaina, ina kuma ƙara nauyinsa shi da ke tafiya a kai. Na tara. Na goma. Duk idanu na sama, shi ya sa ba wanda ya lura da Baffa sai ni. Na gan shi ya fito daga bayan sito da wani gungumen itace a kafaɗa da guduma a hannu, fuskarsa sharkaf da gumi, ya sunkuya ya shige ƙasa. Tokara zai sa wa aikinsa.

"Baffa!" na yi ihu. "Baba, Baffa ya shiga!"

Muka ji guduma sau ɗaya. Sau biyu.

Sai wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗaki, ta biyu ta bi ta, sannan ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata. Ɓawon gyaɗa ya yi feshi ta ƙofa ya rufe mu. 'Yan dako suka diro daga matakala. Wani buhu ya fashe a bakin ƙofa, gyaɗa ta gangaro har kan lallen ƙafata.

Baba ya yi gaba, mutane suka riƙe shi. Yana kira, muryarsa ta tsage, "Hammadu! Hammadu!" Ni kuwa bakina ya ƙi buɗewa, sunan da ke cikinsa ba shi da halin fita a gaban Baba.

Can daga cikin duhun sai aka yi tari. Murya ta fito, a shaƙe, amma na san ta, ta Musbahu ce.

"Baba, ina nan. Ku kawo mutane da sanduna. Baffa yana ƙarƙashi, ba ya amsawa."

Ga abin da na ce zan faɗa muku. Mutumin da ya sassaƙa mini allo yana kwance ƙarƙashin buhu ɗari, amma abin da ya fara zuwa zuciyata farin ciki ne. Kafin in kama bakina na ce, "Alhamdu lillahi."

A hankali na faɗa. Amma Baba yana kusa, ya juyo ya dube ni.